Ruwan Alwala a Gindin Magarya

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Yake tsaga ƙwaya a cikin duhun ƙasa Ya fitar da tsiro, Ya kuma yanka wa kowane mai rai wa'adin da ba ya ƙetarewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu da kyautatawa. Bayan haka:

Shekarun baya, lokacin mahaifiyata tana da rai, akwai wata babbar magarya a tsakar gidanmu da ke unguwar Hindawiyya a birnin Jidda. Larabawa sidir suke ce mata, cikin mutanenmu kuma wasu kan ce kurna ce, amma mu magarya muka tashi muna ji. Mahaifiyata ce ta dasa ta da hannunta a shekarar da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya kafa ɗakin farko a wurin, ina ɗan shekara biyar ko shida. Ko da na kai sittin, gangarta ta yi kaurin da sai mutum biyu sun haɗa hannu kafin su kewaye ta. Daidai tsayin kan mutum ta rabu biyu. Reshe ɗaya ya miƙe sama ta wajen ƙofar gida, ɗayan kuwa, wanda ya fi kauri da nauyi, ya kwanta ta gabas ya shimfiɗu bisa rufin kwanon ɗakin mahaifiyata. A ƙarƙashin wannan reshe take salla, take wuni, take kwana.

Tun da na fara zaman karantarwa a gida, a inuwar magaryar nan muke zama. Manyan mutane ne ke zuwa, masu ɗinki da direbobi da masu ɗaukar kaya a kasuwa, su ɗauki babi ɗaya na fiƙihu tsakanin la'asar da magariba. Don in kyautata musu, sai na sa aka gina dakalin siminti kewaye da gangar bishiyar, aka cika tsakaninsu da ƙasa har gwiwa. Na sa aka kafa famfo a jikin dakalin, domin duk mai alwala ruwansa ya gangara gindinta. Ruwa a Jidda ba abin zubarwa ba ne, kuma na ga ruwan da aka yi ibada da shi ya fi dacewa da shayar da mai rai a kan ya bi kwata. Haka idan an wanke allo ko kwanon da aka rubuta ayoyi, ba ma yarda ruwan ya taɓa wurin da ake takawa, sai a gindinta. Daga baya da muka sa mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, tiyon da ke ɗigar da ruwansa ma can na ja shi. Sama da shekara ashirin gindin magaryar nan bai taɓa bushewa ba, ni kuwa ina lissafa wannan cikin ɗan abin da nake fatan samu a mizani.

Maiɗakina ce ta fara lura. Ta ce kullum da safe idan tana shara takan tarar da wani gari mai laushi a kan dakalin, kamar an bankaɗe buhun dusa. Na duba, sai ga ƙananan huji a jikin ɓawon, da hanyoyin gara na jar ƙasa sun hau gangar har kafaɗata. Na sa yatsa na ɗan taɓa, sai wani faffaɗan ɓawo ya ɓalle ya faɗo. A bayansa itacen ya yi baƙi, ya jiƙe, yana wari irin na tsohuwar rijiya, gara da tururuwa suna ta kai-kawo. Na sa hannu ciki, hannun ya shige har wuyansa.

Na yi abin da jahili kan yi idan ya tsorata. Na sayo maganin ƙwari mai ƙarfi na kwarara a kogon, wari ya kori ɗalibaina kwana biyu. Da na ga gara ta kwanta, sai wani maƙwabci ya ba ni shawarar in toshe ramin don kada su dawo. Na kwaɓa siminti da hannuna, na cika kogon taf, na shafe shi sumul, har na shafa masa farin fenti. Na ja da baya na dubi aikina, na ji daɗi ƙwarai. Wannan jin daɗin ya kai ni shekara guda.

Da zafi ya fara ja da baya a shekarar da ta biyo, ganyen reshen gabas ya soma yin rawaya yana zuba, alhali na ɗaya reshen kore ne shar. Garin nan ya dawo, ya fi na da yawa. Wani abu mai kama da laimar kwaɗi, mai tauri, ya tsiro a gefen simintin. Sai na aika wa wani abokina.

Abokin nan nawa Bazazzagi ne, ya daɗe yana yi wa kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, aiki a mashtal, wato inda ake renon dashen itatuwa, a bayan gari. Ni kuma asalin iyayena Kano, don haka tsakaninmu ba a rasa tsokana. Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da guduma da guntun rodi a cikin leda. Ya tsaya ya daɗe yana kallon farin simintin nan.

Ya ce, "Malam, wane likita ne ya yi wannan aiki?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Masha Allahu. Mara lafiya na fama da ciwon ciki, an ɗaura masa rawani. Aikin Bakano ke nan, in dai waje ya yi kyau, halas."

Na ce, "Kai dai duba mini, ba wa'azi na kira ka ba. Bazazzagi ko gaisuwa ce sai ya haɗa da sharhi."

Ya fara buga gangar da guduma, yana kewayawa, kunnensa dab da ɓawon. Ta yamma sautin ya fito a cike, kamar an bugi turmi. Da ya zo ta gabas sai sautin ya sauya, ya zama kamar na gangar kiɗa da ba komai a cikinta. Daga nan dariya ta bar fuskarsa, ni ma ta bar tawa. Ya cusa rodin ta ƙarƙashin simintin, ya tura da hannu ɗaya ba tare da ƙarfi ba, rodin ya shige kusan kamu guda. Ya zaro shi da baƙin ruwa a jikinsa.

Na ce, "Garar nan ta gama da ita ke nan?"

Ya ce, "Bar gara, Malam, ba ta da laifi. Gara ba ta cika taɓa itace mai lafiya ba, gawa take bi. Ta tarar da ruɓa ne ta zauna. Ko ka kashe ta yau, wata za ta zo gobe." Ya nuna famfon da tsinin rodi. "Wannan ne ya yi aikin. Saiwa ce ke shan ruwa, ganga iska take so. Ka binne mata wuya da ƙasa, ka ɗaure da siminti, ka yi ta zuba ruwa safe da yamma. Da ciwon ya buɗe baki yana neman iska, ka sake toshe shi, danshin ya rasa ta inda zai fita."

Na ce da shi a hankali, "Ruwan alwala ne fa."

Ya ce, "Na sani. Ladan yana wurin Allah. Amma itace bai san na alwala ba, ruwa kawai ya sani."

Sa'an nan ya hau dakalin ya leƙa inda rassan biyu suka rabu, ya kira ni. Akwai tsaga siririya a wurin, ta gangaro kamar tsawon tafin hannu biyu. Ya karɓi asuwakin da ke aljihuna, ya cusa shi a tsagar da ƙyar har ya tsaya da kansa. Ya ce in riƙa dubawa kullum. Idan asuwakin ya yi sako-sako, to tsagar tana buɗewa. Ya ɗaga kai ya bi reshen da ido har kan rufin kwanon.

Ya ce, "Wa ke kwana a nan?"

Na ce, "Tsohuwa."

Ya ce, "A fitar da ita yau. Reshen nan kuma a sare shi kafin hadarin hunturu. Ka fi ni sanin yadda ruwan Jidda yake zuwa, shekara ba ka gan shi ba, ranar da zai zo kuwa da iska yake zuwa."

Na shiga wurin mahaifiyata bayan la'asar. Tana da kusan shekara casa'in a lokacin, ganinta ya yi rauni ƙwarai, amma kunnenta da harshenta ba abin da ya taɓa su. Kasancewar ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Da furfurata da komai, "kai yaron nan" take ce mini. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani da mafi taushin lafazin da na iya, na roƙe ta ta koma ɗakin da ke kusa da ƙofa na 'yan kwanaki.

Ta ce, "Na ji bugun da kuke yi mata tun ɗazu kamar masu neman ɓarawo. Gara ce? A kashe gara."

Na ce, "Inna, ba gara kaɗai ba ce. Reshen ne ake tsoron ya faɗo."

Ta ce, "Shekara hamsin yana nan bai faɗo ba, sai yau da Bazazzagi ya zo? Duk mamacin da aka wanke a unguwar nan, da ganyen reshen nan aka wanke shi, don shi ne hannu ke kaiwa. Ubanka ma da shi. Kai da kake karantar da mutane, ba ka san abin da aka ce game da mai sare magarya ba?"

Na ce na sani. Na fara kawo mata bayanin dogaro ga Allah tare da riƙo da sababi, sai ta ɗaga hannu.

"Kai yaron nan, kada ka karanta mini. Ni na kai ka makarantar. A ɗakin nan aka yi mini komai, a nan zan jira Mai kira. Halas, magana ta ƙare."

Na fito tsakar gida. Ɗaukarta da ƙarfi ba abin da zan iya ba ne, sare bishiyarta ba da yardarta ba kuma ya fi wannan nauyi. Ga kuma maganar da ta taɓo, wadda dama tana cikin zuciyata. Lalle gargaɗi mai tsanani ya zo a hadisi game da sare magarya. Na koma ga littattafaina, na tarar da abin da na riga na sani: malamai sun ɗauke shi a kan wanda ya sare ta don ɓarna, a inda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, ba a kan wanda ya kawar da cuta ba. Kiyaye rai kuwa yana gaba da kiyaye itace, wannan ko ƙaramin ɗalibi ya sani. Da wani ne ya zo mini da mas'alar, da kafin shayinsa ya huce na ba shi amsa. Amma da ta zama tawa, sai na riƙa buɗe littafi ina rufewa, ina neman wanda zai ce mini a jira. A gaskiya ba hukuncin ne ya shige mini duhu ba. Abin da na kasa shi ne in tsaya gaban mahaifiyata in ce mata ni ne na ruɓar da abin da ta dasa.

Kwanakin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Kowace safiya bayan na dawo daga masallaci sai in hau dakali in taɓa asuwakin. Ina karantarwa, idona yana kan reshen. Wata rana wani ɗalibi ya gyara mini jumla sau biyu a babin da na haddace tun ina saurayi. Idan iska ta ɗan motsa daga wajen teku, sai in ji reshen yana gogar kwano, sautin ya bi ta cikin haƙorana. Na hana jikokina shiga ɗakin kakarsu, ban faɗa musu dalili ba, ita kuwa ta lura, ta daina amsa gaisuwata da sakin fuska.

A rana ta tara, da hantsi, na hau na taɓa asuwakin, sai ya zame ya faɗo a tafin hannuna. Na mayar da shi, ya sake faɗowa. Na ɗaga kai, sai ga gajimare ya fara taruwa ta arewa, irin wanda mutanen Jidda ke gani su fara kwashe kaya daga ƙasa.

Ban sake shawara da kowa ba. Na ɗauko guduma na fasa simintin da na shafe da hannuna. Ya fito guntu-guntu, baƙin ruwa ya biyo shi, gara ta watsu a kan ƙafafuna. Ƙarar ta fito da mahaifiyata bakin ƙofa, tana dafe da bango.

Ta ce, "Me kake fasawa kuma?"

Na je na durƙusa a gabanta, na ce, "Inna, ina roƙon abu ɗaya. Ki zo ki taɓa ta da hannunki. Bayan haka duk abin da kika ce, shi za a yi."

Sai ta miƙo mini hannu. Na riƙe ta har gindin bishiyar, na ɗora tafinta a bakin kogon. Ta shafa gefensa, ta tura hannun ciki, ya shige har gwiwar hannu bai taɓa komai ba. Ta damƙo abin da ke jikin bangon kogon, ya marmashe a hannunta kamar jiƙaƙƙen gari. Ta kai shi hanci ta shinshina. 'Yar manoma ce, ba ta buƙaci a fassara mata ba.

Ta ce, "Wannan ba aikin gara ba ne. Ruwa ne."

Na ce, "Ruwa ne, Inna. Dakalin da na gina, da famfon da na kafa. Ni ne."

Na jira faɗa, amma bai zo ba. Ta goge hannunta da gefen mayafi, ta ce, "Da kake ginin nan na so in yi magana. Sai na ce yaro ya yi karatu, ya fi ni sani." Wannan kalma ta fi mini zafi a kan duk faɗan da ta taɓa yi mini. Sa'an nan ta juya wajen ɗakinta ta ce, "Yalla, a fitar mini da akwatina da dardumata. Ka kira Bazazzagin naka. Amma ka gaya masa ya tsaya inda ciwon ya tsaya, kada ya ƙara ko taƙi ɗaya."

Abokina ya iso bayan azahar da mutum biyu daga wurin aikinsu, da zarto da igiyoyi da dogon tsani. Bai yarda kowa ya hau reshen ba. Daga kan katanga da tsani suka riƙa rage shi, daga ƙarshe zuwa tushe, kowane guntu a ɗaure shi da igiya a sauke shi a hankali. Matan maƙwabta suka shigo da buhuna suna tsinke ganyen don su shanya. Ni kuwa ina tsaye ina juya carbi, ban san abin da nake karantawa ba, ido ɗaya a kan zarto, ɗaya a kan gajimare. Da suka zo guntu na ƙarshe, mai kaurin nan da ke manne da ganga, zarto bai kai rabi ba sai ya tsage da kansa ta inda asuwakin yake, ya yi lilo a jikin igiya ya daki katanga har bulo biyu suka zube. 

Suka mirgino shi tsakar gida. Cikinsa rami ne tun daga wannan baki har wancan, mutum zai iya leƙawa ya hango haske. Mahaifiyata ta ce a kai ta. Ta tsuguna ta auna kaurin itacen da ya rage mai rai a gefen ramin, ta ɗago yatsunta.

Ta ce, "Yatsa biyu. Ashe yatsa biyu ne tsakanina da kabari, ni kuwa ina nan ina faɗa da ku a kan gishirin miya."

Abokina ya ce, "Hajiya, ai ƙarfin addu'arki ne ya riƙe shi."

Ta ce, "Rufe mini baki, kai da ka zo ka yi wa 'yata aski." Amma ta sa aka kawo masa shayi da hannun jikarta, ta kuma sa masa albarka.

Washegari aka rushe dakalin, aka kwashe ƙasar har wuyan saiwa ya bayyana, aka ƙwaƙule ruɓaɓɓen itacen aka bar kogon a buɗe yana shan iska. Famfon ya koma can jikin katanga. Ruwan sama ya sauko bayan kwana biyu, da iskar da ta ɗauke rufin wasu gidaje a layinmu. Mahaifiyata ta saurare shi daga ɗakin da ke kusa da ƙofa. Da aka gyara katanga ta koma ɗakinta, ta ƙara shekara huɗu a cikinsa kafin Allah Ya karɓi abinsa. Magaryar tana nan har yau da reshe ɗaya, a karkace, da kogonta a buɗe. Gara takan leƙo lokaci-lokaci, mu share ta. Inuwarta ba ta isar mutum goma, sauran ɗalibai a ƙarƙashin rumfa suke zama.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Ban yi nadamar niyyata ba, domin Wanda aka yi dominSa Ya san ta. Abin da na gane shi ne kyakkyawar niyya ba ta sauya ɗabi'ar da Allah Ya halicci abu a kanta, kuma karatun da na yi a fanni ɗaya ya sa ni, ya kuma sa waɗanda ke kewaye da ni, zaton na san abin da ban sani ba. Mahaifiyata ta ga kuskuren tun ranar farko ta yi shiru saboda rawanina. Tun daga lokacin nake tsoron shirun mutane a gabana fiye da musunsu, kuma nakan roƙi ɗalibaina, wanda ya san wata sana'a a cikinsu, idan ya ga ina shirin yin ɓarna a cikinta ya faɗa mini tun kafin siminti ya bushe.

Amma abin da bai bar ni ba har yau shi ne kwanakin nan tara. Na san halin da reshen yake ciki, na san hukuncin, abin da ya rage kawai in buɗe baki in ce ni ne, sai na bar tsohuwa ta kwana tara a ƙarƙashinsa don ina jin nauyin faɗar haka. Allah Ya rufa mini asiri, bai jarrabe ni da abin da ba zan iya ɗauka ba. Duk da haka, ko yanzu idan na ga gajimare ya haɗu ta arewa, sai in sami kaina ina istigfari.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya haskaka makwancinsu. Kai kuma mai karatu, Allah Ya tsare ka da iyalinka daga cutar da ke ɓoye a inda kuka amince, Ya ba ku masu faɗa muku gaskiya da wuri, Ya sanya albarka da aminci a ƙarƙashin rufin gidanku. Amin.